Ku Tambaya Mu Amsa: Yoyon injin gahawa da yadda ake magance shi

Wasiƙun wannan mako sun haɗu a kan abu ɗaya, wato injin lantarkin nan da ke tace gahawa ɗigo-ɗigo zuwa cikin butar gilashi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Injina ya shekara biyu yana aiki lafiya lau, amma yanzu duk sanda na kunna sai in tarar da ruwa kwance a ƙarƙashinsa. Ga shi yana daɗewa kafin ya gama, sai gurnani da tururi. Ya mutu ne ko akwai gyara? Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da gyara, in Allah ya yarda. Amma fara cire fulogi daga soket, domin wayoyin wuta a gindin injin suke, daidai inda ruwan ke taruwa.

Sanin cikin injin zai sauƙaƙa miki. Babu famfo a ciki ko ɗaya. Ruwa yana gangarowa daga tanki ta wani gajeren tiyo, ya wuce ɗan ƙaramin bawul mai barin ruwa ya shiga amma ya hana shi komawa, sannan ya shiga bututun alminiyam da ke manne da ƙarfen da ke yin zafi. Da ya tafasa a nan, kumfar tururi ce ke tunkuɗa shi sama ta wani tiyon, ya zubo a kan garin gahawa. Hanyar ke nan gaba ɗaya, kuma duk inda ta ƙuntata, ruwa zai nemi wata mafita.

Dubi launin ruwan da ya zuba. Idan yana da launin gahawa, daga sama ya gangaro, wato kwandon tacewa ne ya cika ya tumbatsa, kuma amsar tambaya ta biyu ce taki. Idan fari ne tas, goge injin ya bushe, ɗora shi a kan busasshiyar jarida, cika tanki zuwa layin ƙarshe, ki bar shi minti 30 ba tare da wuta ba. Kada ki wuce layin, saboda wasu injinan suna da ɗan rami a bayan tanki da aka yi musamman don zubar da rarar ruwa, mutane da yawa kuma shi suke ɗauka yoyo ne.

Jarida ta jiƙe alhali injin na sanyi? To tanki ne ya tsage, ko robar da ke bakin mafitarsa ta saki, ko tiyon ƙasa ya zame. Zubar da ruwan, kifa injin, kwance murfin gindi. Za ki ga tiyo biyu sun shiga bakunan bututun alminiyam, kowanne da ɗan maƙalin waya da ya matse shi. Nemi wurin da farin ɓawo ko tsatsa ya yi zane, nan ne ruwa ke bi. Tiyon da ya zame a mayar da shi a matse. Wanda ya bushe ya tsage a bakinsa, idan akwai rara, a yanke santimita ɗaya a sake cusawa. In ba rara, sai sabon tiyon silikon mai jure zafi, irin na kayan abinci, mai faɗi ɗaya da tsohon. Tiyon man babur da gam ba su da wuri a nan, ruwan da za ki sha ne ke bi ta ciki a tafashe. Tsagaggen tanki ma canzawa ake yi. Idan kuwa ba ki saba kwance kayan wuta ba, kai wa mai gyara ki gaya masa abin da jarida ta nuna.

Amma gurnani da tururin da kika ambata sun fi nuna toshewa. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa, shi ne farin ɓawon da ke kama gindin butar shayi. A butar shayi ba ya hana komai, amma bututun injin bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Yayin da ɓawo ya cinye hanya, ruwa kaɗan ne ke shiga, sai ya ƙone ya zama tururi, tururin ya taru a ƙarƙashin murfi ya gangaro ta bayan inji har ƙasa.

Ga wankinsa. Haɗa farin ruwan khal da ruwa, rabi da rabi, ki cika tanki. In kina ƙin warin khal, narkar da babban cokali 2 na garin sitirik asid a lita ɗaya ta ruwa. Sa takardar tacewa ba gahawa, don ta kama ɓarɓashin da zai fito. Kunna har rabin ruwan ya sauka, kashe, bar shi minti 30 tsamin ya ci ɓawon, sannan ki kunna ya ƙarasa. Bi da tanki 3 na zallan ruwa, kina ba injin minti 5 ya huce tsakanin kowane zagaye. Mai amfani da ruwan burtsatse kullum ta yi haka duk wata, mai ruwan da ba ya barin farin ɓawo sosai kuwa duk wata uku ya isa. Bilic ko omo kada su shiga tanki.

Tambaya: Gahawa na tumbatsa daga kwando ta ɓata min tebur, har da tuƙa a cikin buta. Garin da nake sha da citta irin na jabana nake zubawa. Daga wani ɗan'uwa a Maiduguri.

Amsa: Malam, laifin garin ne. Gahawar jabana, irin yadda ake sha a Sudan, dakanta ake yi ta yi laushi sosai saboda tafasa ta ake yi a cikin ruwa. A wannan injin ruwa ratsawa yake yi, lallausan gari kuwa yana liƙe ƙofofin takarda kamar laka, garin citta ya ƙara liƙewa. Ana son niƙa tsaka-tsaki, wanda in ka murza a yatsa za ka ji shi kamar yashi ko sukari. Cittar ka jefa ta cikin buta, gahawa ta sauka a kanta. Garin Nescafé da makamantansa kuma narkewa suke yi a kofi, ba na inji ba ne.

Awo shi ne kimanin giram 60 ga lita ɗaya, wato babban cokali 10 zuwa 12 a shafe. Lura cewa lambobin jikin tanki ƙananan kofuna suke ƙirgawa, mililita 125 zuwa 150, ba kofin shayin gida ba.

Sai takarda. Akwai mai siffar mazurari da mai shimfiɗaɗɗen gindi, kowane kwando da tasa. Mai mazurari, wadda ta samo asali daga matatar takarda da Melitta Bentz ta ƙirƙiro a Jamus a 1908, lamba gare ta, kuma lamba 4 ce ta manyan injinan gida. Ninke ɗinkinta na gefe da na ƙasa kafin ka sa, ka ɗan jiƙa ta ta manne da bango, in ba haka ba takan faɗa ciki ruwa ya bi ta baya. Takarda ɗaya tak, kuma kada ka haɗa ta da matatar raga.

Idan duk wannan daidai ne, juya kwandon. A gindinsa akwai ɗan maɓalli mai sifirin da 'yar roba, murfin buta ne ke danna shi sama ya buɗe hanya. Buta ba murfi, ko ba ta zauna daidai ba, ko aron ta wani inji ce gajeriya, hanya a rufe take.

Tambaya: Da na zare buta sai gahawa ta ci gaba da ɗiga a kan farantin zafi tana ƙauri. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙanwata, wannan maɓallin dai ne, tuƙa ta maƙale tsakanin roba da mazauninta. Danna shi da yatsa a ƙarƙashin famfo, ki goge da tsohon buroshin haƙori da sabulun wanke-wanke. Ko yana lafiya, na ɗan lokaci aka yi shi, mayar da buta kafin daƙiƙa 30. Kwando da buta da murfinta a wanke su kullum, domin maiƙon gahawa in ya kwana shi ke kawo ɗaci. Bar murfin tanki a buɗe ya sha iska ya bushe, in ya bushe ki rufe, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Tambaya: An aiko min da inji daga Amurka, na kunna ya yi wari ya ɗauke. Daga wani magidanci a Sakkwato.

Amsa: Alhaji, duba rubutun gindinsa. Kayan Amurka na wuta mai ƙarfin bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce, kusan ninki biyu, kuma adafta bakin fulogi kawai take canzawa. In an yi sa'a, fis ɗin zafi ne ya ƙone, mai gyara zai sa irinsa daidai. Kada ka yarda ya haɗe wurin da waya, domin fis ɗin ne ke hana gobara idan na'urar kashe zafi ta gaza. Bayan gyara sai da taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin injin. Yawancinsu wat 800 zuwa 1,200 suke ja, saboda haka nemi mai wat 1,500 zuwa sama, kuma ƙaramin janareto ba zai ɗauke shi ba.