Ƙanena, manunin naka bai da ɗakin da yake nunawa

Wallahi da na karanta tambayarka kan manuni (pointer, mai riƙe adireshin wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta) a yaren C sai da gabana ya faɗi. Ka ce ka miƙa wa fonksiyo (ɓangaren shiri mai yin aiki guda) struct ɗinka (ƙunshin bayanan ɗalibi), ka canza suna, ka dawo ba abin da ya canza. Da ka sa tauraro (*) kuma sai Segmentation fault, wato shirin ya mutu don ya taɓa wurin da ba nasa ba a ƙwaƙwalwa. Ni ma nan na kwana makonni.

Na farkon, C kwafi take ba fonksiyo, kwafin ka gyara. Miƙa &d, wato adireshin struct ɗinka d, ka karɓa da struct Dalibi *p, ka rubuta p->shekara. Kar ka rubuta *p.shekara, ɗigo na rigan tauraro aiki.

Na biyun ne ya ci ni. Manuni kwatance ne kawai, kamar a ce maka gida na uku bayan fadar Sarki a Birni. In ba a gina gidan ba, ina za ka sauke kaya? Ni wajen neman wuri a ƙwaƙwalwa malloc(sizeof(p)) na rubuta, aka ba ni bayit 8, girman manunin kansa, alhali struct ɗina, suna[30] da int guda, 36 yake ci har da ciko. Shirin ya riƙa mutuwa wajen free, mai mayar da wurin da aka karɓa. Na kai wa wani na gaba da mu da ake yi wa kallon gwani, ya karɓi jaka 5, kuɗin da innata ta aiko mini daga Mirriya. Ashe free ɗin kawai ya goge! Ranar gabatarwa, watan Afrilu, zufa na ɗiga kan madannai, malam ya ce in ƙara ɗalibai goma. Ban kai ƙarshe ba komai ya tsaya. Ya ce ai da gani ba ni na rubuta ba. Mutumin nan yana zaune a baya, ko kai bai ɗago ba. Har yau in mun haɗu a Zango hannu kawai nake ba shi.

Don Allah kar ka biya kowa. Rubuta malloc(sizeof *p), ka duba ko NULL ya dawo, wato ba a samu wurin ba. Sunan kuma strcpy, mai kwafe rubutu, yake so, ba alamar daidai (=) ba. Ka riƙa sa -Wall -g wa gcc, mai harhaɗa shirin C, sannan valgrind, mai binciken kurakuran ƙwaƙwalwa, zai nuna maka layin da ka yi ɓarin. Kuma ka ajiye aikinka wuri biyu, ka san halin wuta lokacin zafi.

Turo layukan da ka ayyana p, ina nan bayan isha'i.