Likita, wai robar da ake sawa a mama tana kawo kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, Allah ya ƙara basira. Shekara biyu kenan da aka cire min mama ɗaya saboda kansa, Alhamdulillah na gama magani, yanzu likitan da ke duba ni ya kawo maganar a sa min robar silikon ɗin nan a wajen. Da har na yarda, sai na shiga wani guruf a Facebook na matan da aka yi wa aikin, wallahi abin da na karanta ya hana ni barci, wata ta ce gashinta ya zube, wata ta ce robar ta fashe a jikinta, wata ta ce wata kansar ta kawo mata. A Instagram kuma sai ka ga kowa na murmushi ana cewa ba komai. Dan Allah wa zan yarda da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa ya sa kaffara ne.

Matan guruf ɗin nan ba ƙarya suke ba, masu murmushin Instagram ma da yawansu da gaske suna lafiya. Abin da wayar ba za ta iya gaya miki ba shi ne, cikin mata nawa aka samu guda nawa. Wadda aka yi wa aiki shekara goma ba ta ji komai ba, me zai kai ta neman guruf? Tana can tana harkar gabanta. Wadda ta wahala ita ce ke zama da tsakar dare tana rubutu, kin ga kuwa in kika shiga ɗakin da marasa lafiya kaɗai ke ciki dole ki zaci duk duniya a kwance take.

Robar nan ba sabuwa ba ce. A 1962 wasu likitoci biyu a Houston ta Amurka, Thomas Cronin da Frank Gerow, suka fara sa wa mace ita. Jaka ce ta silikon, cikinta ko dai silikon mai kauri kamar ƙullu ko kuma ruwan gishiri. A 1992 hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta dakatar da sa mai silikon don kwalliya saboda mata sun yi ta kai ƙara kotu cewa tana jawo musu cututtukan garkuwar jiki, har kamfanin Dow Corning mai yin robar ya durƙushe a 1995. Aka yi ta bincike, a 1999 babban kwamitin masana na ƙasar ya ce bai ga hujjar da ta haɗa robar da waɗancan cututtukan ba, a 2006 aka dawo da ita kasuwa. To lura da lokacin, Facebook ya fito 2004, YouTube 2005, wato robar ta dawo daidai lokacin da intanet ta tashi daga wajen da kawai ake karanta abin da kamfani ya rubuta ta koma wajen da kowa ke iya faɗin nasa. A rikicin farko mace sai ta bi ta hannun lauya ko ɗan jarida kafin a ji ta, a na biyu kuwa wayarta ta ishe ta.

Kuma gaskiya ni a matsayina na likita ba zan ɓoye ba, surutun matan nan ya yi amfani. Shekara da shekaru mace za ta zo ta ce tana fama da gajiya, ciwon gaɓoɓi, mantuwa, zubewar gashi, a auna jini a ga ba komai a ce mata damuwa ce kawai. Da suka haɗu da juna dubbai suka ga ashe bakinsu ɗaya, suka sa wa abin suna, wanda ake taƙaitawa BII, wato ciwon robar mama, suka je har zaman sauraron jama'a da FDA ta yi a watan Maris na 2019 suka yi magana da bakinsu. A 2021 hukumar ta wajabta gargaɗi mafi girma a takardar bayanin robar, da wata takarda da dole likita ya bi da mace layi-layi su sa hannu kafin aiki. Har yau dai babu gwajin jini ko hoto da ke nuna BII, ba a kuma tabbatar da yadda robar ke jawo shi ba, amma akwai matan da suka ji sauƙi bayan an cire, akwai kuma waɗanda aka cire ba su ji canji ba. Iyakar abin da ke hannu kenan, duk wanda ya rantse miki da fiye da haka, ta kowane ɓangare, ki duba da kyau ko yana da abin sayarwa.

Maganar kansa ita ce ya kamata mu tsaya a kai tunda ke kin riga kin ɗanɗana. Robar ba ta kawo kansar mama, ba ta kuma dawo da wadda aka cire. Wadda matar can ke nufi wata ce daban, sunanta BIA-ALCL, kansa ce ta ƙwayoyin garkuwar jiki da ke fitowa a jikin tantanin da jiki ke yi ya lulluɓe robar. Ba ta da yawa sam, kuma kusan duk waɗanda suka same ta robarsu mai kaushin baya ce, ba mai santsi ba. FDA ta fara maganarta a 2011, hukumar lafiya ta duniya ta amince da ita a matsayin cuta mai zaman kanta a 2016, a watan Yulin 2019 kuma kamfanin Allergan ya janye robarsa mai kaushi samfurin BIOCELL daga duniya baki ɗaya, lokacin an ƙirga mutum 573 da suka kamu, 33 sun rasu, cikin miliyoyin matan da ke ɗauke da roba. Yawanci sai an yi shekara 8 zuwa 10 take bayyana, alamarta mama ya kumbura haka kawai saboda ruwa ya taru, ko a ji ƙullutu, ko kaluluwa a hammata. In an gano da wuri aka cire robar da tantanin gaba ɗaya, mafi yawa suna warkewa. Shi ya sa ko waɗanda ke da mai kaushin ba a ce su ruga a cire ba in ba su da wata alama, don ita tiyatar ma da nata haɗarin.

Abin da ya fi faruwa a zahiri ba shi ne ke tashe a waya ba don ba shi da ban tsoro. Tantanin nan yakan yi tauri ya matse robar, mama ya zama kamar dutse, ya karkace, ya riƙa ciwo. Sai fashewa. Mai ruwan gishiri in ta fashe za ki sani cikin kwanaki don wajen zai lotse, jiki ya shanye ruwan ba wata illa. Mai silikon kuwa tana iya tsagewa shiru ba ki ji komai ba, dalilin da ya sa ake son a yi sikanin ko hoton MRI bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan kuma duk shekara 2 zuwa 3. Ki sa a ranki tun yanzu robar ba ta mutu-ka-raba ba ce, iya daɗewarta a jiki iya ƙaruwar yiwuwar a sake shiga ɗakin tiyata, wannan kam masu talla ba sa son faɗa.

Labaran fashewa da yawa da ke yawo ma asalinsu badaƙalar kamfanin PIP ne na Faransa, wanda aka kama a 2010 yana cika robarsa da silikon na masana'antu, ba wanda aka tace don jikin mutum ba, mata dubu ɗaruruwa a ƙasashe daban-daban aka sa wa, mai kamfanin Jean-Claude Mas kotu ta yanke masa shekara 4 a 2013. Hoton robar PIP da ta dagargaje har yau ana tura shi kamar jiya aka ɗauka. Wani lokacin ma abin da ke cikin hoton ba roba ba ce, allurar silikon ce da wasu marasa tsoron Allah ke ɗura wa mata kai tsaye a cikin nama, wannan kuwa ba magani ba ne, yana bin jini ya toshe huhu, ya ruɓar da fata, kuma cire shi duka kusan ba ya yiwuwa. Ko kyauta aka ce miki kar ki yarda.

Ba ki faɗa min ko an yi miki gashi ba, wato maganin nan na hasken radiyeshan, kuma a kanki wannan ya fi duk abin da kika karanta muhimmanci. Fatar da aka gasa ba ta miƙewa kamar da, kuma taurin tantani da ciwon da ke ƙin warkewa sun fi yawa a kanta, don haka in an yi miki ki tambayi likitan ko za ki dace da aikin da ake ɗebo fata da kitse daga cikinki ko bayanki a gina maman da su. Aikin ya fi tsawo, jinyar ta fi nauyi, akwai tabo a waje na biyu, amma naman jikinki ne ba abin da zai fashe. Akwai kuma wadda ake sawa a cikin rigar mama a cire da dare, mata da yawa ita suka zaɓa kuma hankalinsu kwance, ba dole ba ne sai an yi wani aikin.

In kuma robar kika zaɓa, ki je da tambayoyinki a rubuce don mutum na shiga gaban likita sai komai ya gudu daga kai. Wane kamfani ne, mai santsi ce ko mai kaushi, silikon ko ruwan gishiri, a saman tsoka za a sa ko a ƙarƙashi, shi kansa sau nawa yake irin aikin, in matsala ta taso bayan shekara biyar wa za ki nema. In kin ga yana ɗaure fuska don kin yi tambaya, nemi ra'ayin wani likitan, haƙƙinki ne. Bayan aiki kuma akwai ɗan kati da ke zuwa da kowace roba mai ɗauke da sunan kamfani da lambarta, ki karɓa ki ɗauki hotonsa ki adana, lokacin janyewar 2019 mata da yawa sun shiga tashin hankali ne kawai don ba su san wace iri ce a jikinsu ba. Ki rubuto min ko an yi gashin da kuma yaushe aka gama, sai mu ɗora daga nan in sha Allah.