Sawun ruwan da ya kawo gwal

Jiya muna ɗaure jakunkunan samfur ka ce, "Maigida, ƙasar da ko ƙyallin gwal babu, me ya sa ake kashe mata kuɗin gwaji? Kuma me ya sa ka yi murmushi da sinadarin asanik ya hau a takardar sakamako?" To, gyara zama, ɗana.

Gwal baƙo ne a ramin da ka same shi. Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, duwatsun da ke ƙarƙashin Birnin Gwari da Kushaka suka matsu har suka tsattsage. Ruwa mai zafin da ya kai digiri 300 ya biyo tsagar daga can ƙasa, ɗauke da narkakken gwal, farar wuta tana riƙe da shi. Da ya tarar da dutse mai ƙarfe, sai farar wuta ta saki gwal ta rungumi ƙarfen, suka zama dutsen nan mai ruwan tagulla da ke ruɗin sababbin shiga, fairait. Gwal ya zauna nan. Farar jijiyar dutsen ƙanƙara da kuke bi da guduma, tsohuwar hanyar ruwan ce ta toshe.

Wa ya gani da ido? Babu. Amma ruwan ya bar sawu. In aka yanka ƙanƙara siriri aka sa a madubin ƙara girma, za ka ga 'yan ɗigon ruwa da suka maƙale tun wancan zamani, kowanne da kumfarsa. Ana ɗumama shi sannu a hankali har kumfar ta ɓace, a rubuta zafin. Gishiri kaɗan da iskar kabon mai yawa a cikin ɗigon, alama ce ruwan daga duwatsun da suka dahu aka matso shi. In gishiri ya yi yawa, ga ƙarafan bismot da tungistan, sai mu fara zargin narkakken dutsen giranet a kusa. Bambancin nan shi ke gaya mini ko in bi tsaga ko in zagaya gindin dutse.

Asanik kuwa abokin tafiyar gwal ne. Giram biyu ko uku na gwal a tan guda ya isa a haƙa, ka ga ido ba shi da aiki a nan. Shi asanik ya fi yawa, ya fi bazuwa, ya fi saurin nunawa. Shi ya sa har ƙasar suri nake ɗiba, don gara ta riga mu shiga ƙasa. Sai dai ban yarda da ƙasar fadama ba, ambaliya ce ta kwaso ta daga wani wuri.

Layin dalma ma ka riƙa dubawa a takardar sakamako. A 2010 dutsen gwal mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje ya kashe ɗaruruwan yara a Zamfara.

Gobe za mu kai jakunkunan ɗakin gwajin hukumar binciken ƙasa da ke nan Kaduna. Ka sake duba lambobin, biyu sun goge.