Me ke jan shari'ar kasuwanci a Katsina?

Malam, ka tambaya ko laifin alƙali ne da shari'ar kuɗin masararka ta shekara biyu ba a gama ba. Ba shi kaɗai ba ne. Sau da yawa daga lauyoyi ɗage zama yake fitowa: yau wannan bai zo ba, gobe takardu ba su kammala ba. Sashe na 294 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba alƙali kwana 90 ya yanke hukunci bayan jawabin ƙarshe na lauyoyi, amma sai lauyoyin sun kai shari'ar wannan matakin. Ni dai ina son in ga ƙungiyar lauyoyi reshen Katsina ta zauna da alƙalai, su tsayar da ranakun zama tun farko, a ci tarar mai ɗagewa ba dalili. Kai kuma ka ce wa lauyanka ya gwada sulhu, domin dokar sasantawa ta 2023 ta ba kotu damar tilasta yarjejeniyar da aka cimma.