Ƙanwata, Ki Fara Zama Nas a Jos Tukuna

Saƙonki ya iso, na Gwaggo ma ya biyo baya, duk magana ɗaya: kin gama makarantar jinya, in nema miki hanyar Ingila, kuma wai sashen gaggawa kike so don kin ji can aka fi neman ma'aikata. Ana nema kam. Amma kin tambayi abin da ke korar na ciki?

Ni da sashen gaggawa na fara, a wani asibiti a Abuja, ina fitowa daga makaranta. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da korona a Legas, ƙarshen Maris aka sa dokar kulle a Abuja. Manyanmu da ya kamata su riƙa nuna mana aiki, wasu an kwashe su zuwa cibiyar killacewa, wasu suna gida suna jinyar kansu. Sai ga mu sababbin shiga a bakin ƙofa, mu ke tantance wanda za a duba yanzu da wanda zai jira. A aji an koya mana mai ƙarancin iska da haki yake zuwa. Korona ta zo da nata salon: dattijo na zaune yana hira da ɗansa, ki maƙala masa na'ura a yatsa, ki ga oksijin ɗinsa ya yi ƙasa sosai. Takunkumi ɗaya muke wuni da shi. Ki nemi jijiya da safar hannu biyu, tabarau ya yi hazo, ba babba kusa da za ki kira. Abin da ya fi ci mini rai ma ba a asibiti yake ba: maƙwabta ne suka hana yaransu shigowa gidanmu, wai na kwaso ciwo.

Duk da wannan gogewar, da na iso nan Ingila sai da na koma ɗaliba. Hukumar NMC, mai yi wa nas-nas rajista a nan, galibi ba ta ba ki lambar rajista sai kin ci jarrabawar Turanci, IELTS da maki 7 ko OET, kin ci CBT, jarrabawar jinya ta kwamfuta, sannan kin zo nan kin yi OSCE, jarrabawar gwada aiki a aikace. Kafin nan mataimakiya ce ke. Bayan nan kuma matakin farko, Band 5, ko shekara nawa kika yi a gida. Duti na awa 12, ana son a gama da mara lafiya cikin awa 4, kuma abin da ba ki rubuta ba, a wurinsu ba ki yi shi ba. Kuskure ɗaya na magani, lambarki ce cikin haɗari. Akwai wanda ya dubi hijabina ya ce a kawo masa wata nas. Yau alhamdu lillahi ni ke horar da sababbi a sashen, amma ba wanda ya miƙo mini shi a faranti.

Batun ejan ɗin da Gwaggo ta ambata, mai cewa zai samo miki aiki a nan: Najeriya na cikin ƙasashen da aka hana asibitocin Ingila zuwa ɗibar ma'aikatan lafiya, sai dai mutum ya nemi aiki da kansa. Takardar ɗaukar nauyi, wadda mai ɗaukarki aiki ke bayarwa don neman biza, ba ta sayarwa ba ce. Duk wanda ya ce ki kawo miliyoyi, ɗan damfara ne. Ki kuma bincika ƙa'idar da hukumar jinya ta Najeriya ta fitar a 2024, ta aikin shekara 2 kafin a tantance takardu, wadda nas-nas suka yi wa zanga-zanga a Abuja.

Ki nemi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) can Lamingo ko asibitin Plateau Specialist. Ki fara da ɗakin kwanciya, hannunki ya faɗa, ki ga zazzaɓin Lassa da idonki ƙarƙashin wadda ta san shi, sannan ki nemi gaggawa. Kuɗin jarrabawar Turanci ni zan biya. Ki gaya wa Gwaggo kada ta kuskura ta sayar da filin nan na Bukuru.