Ta yarda a ɗauke ta hoto, sauran fa?

Ɗan'uwa, ka ce abokanka masu sha'awar ɗaukar hoto sun biya wata budurwa kuɗi za su ɗauke ta tsirara a ɗakin haya, kana tambaya ko akwai laifi tunda ta amince.

Amincewa a ɗauke ta daban, amincewa a yaɗa daban. Mutum goma da kyamara goma, wa zai tsare wayar kowa? A Koriya ta Kudu, a 2018, wata 'yar YouTube ta fito ta ce an ci zarafinta a irin wannan zaman, hotunan kuma suka bazu a intanet. Kafafen yaɗa labarai suka yi ta yayata maganar, masu zagi suka yi mata caa, mai situdiyon da aka ɗauki hotunan ya kashe kansa ana cikin bincike. A 2019 kotu ta ɗaure wanda ya shirya zaman shekara biyu da rabi.

A Najeriya kuwa, in budurwar ba ta kai shekara 18 ba, amincewarta banza ce: dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga mai ɗauka ko yaɗa irin wannan hoto. In a Kano ne, Hisba za ta riga kotu isowa. Ka janye jikinka.