Tambayoyi Da Amsoshi: Kuɗin Gyara Da Albashi A Wasan Kamfanin Jiragen Sama

Tambaya: Malam, ina buga Airline Manager 4 a wayata. Jiragena suna tashi cike da fasinja, amma da lokacin gyara ya zo sai asusu ya koma fayau. Ina matsalar take?

Amsa: Matsalar tun ranar sayen jirgi ta faro. Yawancin masu wasan farashi da yawan kujeru kawai suke dubawa, alhali a shafin kowane jirgi akwai wasu lambobi biyu da suka fi su muhimmanci: kuɗin duban A (binciken gyara da ake yi wa jirgi lokaci-lokaci), da yawan awannin da jirgin zai yi kafin duban ya zagayo. Raba na farko da na biyu. A misali, idan duban dala 2,000,000 ne duk bayan awa 500, to kowace awa a sama tana cin dala 4,000, tun ba a zo maganar mai ba. Tafiyar awa 10 ke nan akwai bashin dala 40,000 a kanta wanda ba za ka gani a ribar da wasan ya nuna maka lokacin tashi ba. Ka riƙa cire wannan kuɗin a lissafinka kana barinsa a asusu, kada ka ɗauke shi ka ƙaro sabon jirgi.

Sannan abu biyu ne daban, kuma mutane na cakuɗa su. Akwai lalacewar da ake nunawa da kaso cikin ɗari, wadda ke ƙaruwa da kowane tashi, akwai kuma duban A da ke bin awanni. Kamar mota ce: canjin birki daban, juyen baƙin mai daban. Tunda lalacewa tashi take bi, kuma kuɗin gyaranta na tafiya da tsadar jirgi, babban kuskure ne ka sa ƙaton jirgi mai tsada yana zirga-zirga a gajeriyar hanya. Haka abin yake a zahiri, domin tayoyi, birki da injin sun fi shan wahala a tashi da sauka. Ka ba manyan jirage dogon zango, ƙanana su yi na kusa.

Abu na ƙarshe, kada ka sayi jirage da yawa iri ɗaya ka tashe su rana guda. Awanninsu za su ƙare tare, rumfar gyara ba za ta ɗauke su duka ba, kuɗin kuma ya faɗo maka lokaci ɗaya. Tura wasu da wuri, ko da saura awa 30 ko 40, don a rarraba nauyin. Ka kuma fi son tura jirgi gyara daidai lokacin da za ka kwanta barci, lokacin da dama ba za ka taɓa wayar ba.

Tambaya: An ce in rage albashin ma'aikata zuwa ƙasa. Ba zai jawo matsala ba?

Amsa: Zai jawo, idan ka rage ka tafi abinka. Rukuni huɗu ne: matuƙa, ma'aikatan cikin jirgi, injiniyoyi da masu aikin hannu, kowanne da ma'aunin ƙwarin gwiwarsa. Rage na rukuni ɗaya kaɗan, duba ma'aunin, in ya sauka ka ɗan ƙara har ya farfaɗo, sannan ka koma na gaba. A ganina wannan aikin sau ɗaya ya cancanci a zauna a yi shi. Albashi bai kai mai da gyara cin kuɗi ba, kuma abin da za ka samu ta sayen mai lokacin da farashinsa ya faɗi, tunda yana sauyawa duk rabin awa, ya ninka abin da za ka matse daga ma'aikata.

Tambaya: A kwamfuta nake buga wani wasan, AirlineSim. Da na ƙaro wani sabon nau'in jirgi sai kuɗin gyara ya tashi a duk jiragena. Kuskuren manhaja ne?

Amsa: A'a, da gangan aka tsara shi. Wasan na kasa nau'o'in jirage rukuni-rukuni ta fuskar gyara, yana barinka da rukuni uku, kana shiga na huɗu sai a ɗora ƙari a kan jiragenka gaba ɗaya. Gaskiyar harkar suka kwaikwayo: kowane nau'i na buƙatar kayan gyaransa, injiniyoyinsa da matuƙan da ke da lasisinsa. Shi ya sa kamfanin jiragen Southwest na Amurka ya tsaya kan Boeing 737 kaɗai, kuma matuƙin Airbus A320 na iya tuƙa A319 da A321 da lasisi guda. Zaɓi rukuni ɗaya na gajeren zango, ɗaya na dogo, ka ajiye gurbi na uku. Ka kuma lura da ma'aunin gyaran kowane jirgi a jadawalinsa: in ya yi ƙasa da kashi 100, jirgin ba ya samun isasshen hutu a ƙasa kuma lafiyarsa za ta riƙa raguwa, don haka cire tafiya ɗaya ko ka tsawaita tsayuwarsa tsakanin sauka da tashi.